Ajiyar Agatha

Altona, Manitoba
9 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Dietrich Bartel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, ƙafar hagun nan kuma ta yi sauƙi. Mu nan sai godiya. An gama yankan alkama, saura haƙar dankali. Mahaifiyata tana nan a gidan tsofaffi. Wata rana ta gane ni, wata rana ta kira ni da sunan yayarta. Da na gaya mata ɗan ƙanwar mahaifiyarta ya rubuto daga arewa, sai ta tambaya ko har yanzu kana gudun dinya in ta biyo ka.

Na karanta takardar bankin da ka aiko mini, na sake karantawa. Ka ce in fassara maka ita da maganar mutane, tunda shekara talatin ina riƙe wa kamfanin irin shuka lissafi. Ga abin da take cewa.

Kuɗin da matarka, marigayiya Inna Agatha, ta tara a asusun ritaya, wanda ya koma sunanka bayan rasuwarta, ya kai dala dubu tamanin da huɗu. Ba a taɓa biyan haraji a kansa ba, domin doka ta yarda a jinkirta. Amma jinkirin yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ranar ƙarshe ta shekarar da mai asusu ya cika saba'in da ɗaya. Kai ka cika a watan Maris. Kafin talatin da ɗaya ga Disamba dole ka sa hannu a juya shi zuwa asusun da ake fitar wa mutum wani kaso kowace shekara. Kason farko biyar ne cikin ɗari da 'yan kai, wato wajen dala dubu huɗu da ɗari huɗu, yana kuma ɗan ƙaruwa shekara bayan shekara. Ba a tambayar mutum ko yana bukata.

In ba ka sa hannu ba, za a rufe asusun, a lissafa kuɗin gaba ɗaya kamar a shekara ɗaya ka same shi. A ƙiyasina kusan kashi ɗaya cikin uku zai tafi haraji, ba kuwa zai dawo ba. Wasu bankuna sukan juya wa mutum da kansu in ya yi shiru. Naku ya rubuta a fili cewa ba zai yi ba.

Ka je ka sa hannu, Kawu. Aikin minti goma ne.

'Yarka cikin Ubangiji,
Elfrieda Kroeker

La Crete, Alberta
23 ga Satumba

Elfrieda 'yar Helena,

Na gode da gaisuwa. Ƙafa tana nan, takan gaya mini za a yi ruwa kafin rediyo ya faɗa. Kunne kuwa ya ƙara tafiya, don haka kada ki ɓata kuɗinki a waya. Ki gaya wa uwarki dinyar nan ta daɗe da shiga tukunya, ni kuma ina nan.

To malama mai lissafi, na ji. Ashe gwamnati ta fi ni sanin shekaruna. Na je bankin. Rosella 'yar gidan Driedger ce a wurin yanzu, wadda na san ta tun tana rarrafe. Ta yi ta ihu a kunnena wai in huta in ci guminmu. Na ce mata ina da fansho, ina da kaji goma sha ɗaya, ina da tsiran alade a firiza da zai kai ni bazara, me zan ci da dubu huɗu? Ta miƙo biro. Na ce ta riƙe abinta.

Ke kin san dalili. Shekara ashirin da shida Agatha tana tsaye a kicin ɗin gidan tsofaffi tana dafa wa mutum sittin miyar kabeji. Kowane wata sai ta cire abin da ta cire ta kai, ko takalmi ba ta saya ba sai na da ya buɗe baki. Kwana biyu kafin ta cika ta ce da ni, "Dietrich, kuɗin nan na 'yarmu Verna ne. Kada ka taɓa. Ka ajiye har ta zo." Na ce to. Kina wurin, ke kika zo jinya, kina tsaye da kofin ruwa a hannunki.

Mu mutanen da ba mu rantsuwa ne. Kakanmu an ci shi tara a kan ya ƙi ɗaga hannu gaban alƙali. Ba mu da komai sai wannan to ɗin. In na sa hannu a riƙa yankar kuɗin ana zuba mini a aljihu kowace shekara, na taɓa ko ban taɓa ba? Ranar da Verna ta zo, sai in ce mata ga ragowar?

Ki duba mini ko akwai hanyar da za a bar shi ya kwanta inda yake. Ke mai wayo ce, ba mamaki akwai wata ƙofa a baya.

Kawunki,
Dietrich

Altona
7 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun sami sanyin farko ranar Talata, ya kashe mini tumatir. Ina lafiya.

Babu wata ƙofa a baya. Na tambayi wanda ya fi ni sani, abin da na faɗa maka shi ya maimaita. Kuɗin ba zai kwanta ba, ko ka so ko ka ƙi: ko ya fito kaɗan-kaɗan ta hannunka, ko ya fito gaba ɗaya a gutsure shi. Wanda ya bari aka gutsure shi kuwa, ban ga yadda zai ce ya riƙe amana ba.

Zan faɗi abin da ba a so a ji, domin na ga babu mai faɗa maka. Shekara goma sha tara ke nan tun da Verna ta ɗaga hannu ta yi rantsuwar 'yan sanda, ta rataya bindiga, dattawan ikilisiya suka cire sunanta. Ta san hanyar gida. Ba ta zo jinya ba, ba ta zo jana'iza ba. Inna Agatha ta yi maganarta cikin zafin ciwo da ƙaunar uwa, ba ta kuma san da wannan doka ba. Ba na jin Ubangiji zai kama ka da laifi don ka bi abin da hukuma ta tilasta.

In abin da ke damunka shi ne kada kuɗin ya shiga cikinka, to kada ya shiga. Abin da aka fitar kowace shekara ka miƙa shi ga asusun taimako na ikilisiya, a saya wa mabukata barguna da hatsi. Ta haka gumin Inna Agatha ya je inda za a gode masa.

Saura kwana tamanin da biyar.

Elfrieda

Altona
30 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa. Mako uku ban ji daga gare ka ba. In ciwo ne, ka sa wani maƙwabci ya rubuto mini layi biyu. In ka riga ka sa hannu ne ka ga babu abin faɗa, to na gode wa Allah, amma ka sanar da ni. Na buga wa bankin, suka ce ba za su yi maganar asusun wani da ni ba, gaskiyarsu kuwa.

Elfrieda

Altona
17 ga Nuwamba

Kawu Dietrich,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon ka karanta wannan har ƙarshe, ko da ka yi niyyar daina karanta takarduna.

Ranar Lahadi aka yi jibin Ubangiji na lokacin kaka a ikilisiya, ban ci ba. Ka san yadda ake yi mako guda kafin nan, a tambayi kowa ko yana zaman lafiya da Allah da mutane. Shekara da shekaru ina amsawa da sauri, har nakan ji tausayin masu jinkiri. Wannan karon bakina ya ƙi buɗewa. Na koma gida na ɗauko kwafin takardar da na rubuta maka ranar bakwai ga Oktoba, na karanta ta kamar wata ce ta rubuta, na ga akwai ƙarya a cikinta. Kowace kalma gaskiya ce, amma an jera su ne don su rufe wani abu.

Ka san a gidana Verna ta zauna lokacin da take karatu a nan, ka kuma san ni na rubuta wa dattawa da na ga takardar ɗaukarta aiki. Wannan ban ɓoye ba, har ina ganin na yi daidai. Abin da ba ka sani ba shi ne, ba ta daina rubuto mini ba. Kowace Kirsimeti kati yana zuwa, da adireshi a bayansa. Guda goma sha tara suna cikin akwatin ɗinkina. Ban amsa ko ɗaya ba, sai sau ɗaya.

Lokacin ciwon Inna Agatha labari ya kai mata ta bakin wata. Ta rubuto tana tambayata ko ta zo, ko zuwanta zai ƙara wa uwarta wahala. Na amsa mata cewa gida yana bukatar natsuwa, ta bari sai an neme ta. Na gaya wa kaina ina kare mara lafiya daga tashin hankali. Yanzu ina tambayar kaina ko ba tsoro nake ji ba, kada ta shigo a rungume ta, ya zama ni kaɗai ce na tsaya a kan hukuncin.

Ranar da kake magana a kai, ina tsaye da kofin ruwan nan ina jin Inna Agatha tana cewa har ta zo, takardar Verna tana cikin jakata a bayan ƙofa. Ban ce komai ba. Sannan bayan shekara huɗu na zauna na rubuta maka cewa ta san hanyar gida.

Tana Yarmouth, a Nova Scotia, can gabas a bakin teku. Ga adireshin da lambar waya a wata takarda daban. Ba ta yi aure ba, a iya sanina.

Ba na neman ka yafe mini a cikin wannan takarda, don kada neman ya zama wani nauyi a kanka. Abu ɗaya nake roƙo: kada laifina ya sa a cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ajiye mata. Saura kwana arba'in da huɗu.

Elfrieda

La Crete
5 ga Disamba

Elfrieda,

Ba ciwo ba ne. Da na karanta taki ta Oktoba, na ɗauka cewa kike yi in lissafa 'yata cikin matattu, in raba kayanta sadaka. Na ce ashe ke ma wani asusu kike nema wa kuɗin. Sauran takardunki biyu na jefa su cikin akwatin burodi tare da na banki. Shekaranjiya burodi ya ƙare na ga su.

Na karanta. Na fita na ba kaji abinci, na manta na riga na ba su. Ban san abin da zan ce miki ba, don haka ba zan ce komai ba tukuna. Ni ma ina da hannu da biro shekara goma sha tara, ban tambayi kowa inda take ba.

Har yanzu ba zan sa hannu da kaina ba. Na ce wa Agatha to, ba ke za ki kwance shi ba, ba kuma Rosella ba. Amma na yi tunani: mai kaya tana iya cewa a taɓa kayanta. Na rubuta wa Verna jiya. Na gaya mata abin da uwarta ta ce, da abin da na ce, da abin da doka ta ce. Na ce in ta ce in sa hannu zan sa. In ta yi shiru, zan bar shi yadda aka bar mini, gwamnati ta ɗebi abin da za ta ɗeba da hannunta, ba da nawa ba.

Sau huɗu na sake rubutawa. Ban san yadda ake fara wa ɗan sanda wasiƙa ba.

Dietrich

Altona
16 ga Disamba

Kawu,

Na karɓi taka, na gode da ka amsa ko kaɗan.

Na lissafa kwanakin da wasiƙa take yi daga La Crete zuwa bakin teku a watan Kirsimeti, da waɗanda amsa za ta yi kafin ta dawo, na ga lokaci ba zai isa ba. Saboda haka na yi abin da ba ka sa ni ba: na buga mata waya ranar Asabar da rana.

Ta gane muryata kafin in faɗi sunana. Takardarka ta iso mata kwana ɗaya kafin nan. Na gaya mata abin da na gaya maka, ban rage komai ba. Ta saurara ba ta katse ni ba, irin sauraron da na ɗauka aikinta ne ya koya mata. Da na gama ta tambaye ni ko uwarta ta sha wahala, ko an rera mata waƙa, wa ya wanke ta. Na amsa duka. Ta tambaya ko kana cin abinci. Maganar kuɗi ni na tayar, na ce ranar talatin da ɗaya ba ta jiran kowa. Sai ta ce, "Anti Frieda, har yanzu kina ƙidaya kwanaki." Ta ce ita ba ta nemi kuɗin kowa ba, albashinta ya ishe ta. Ta ce shekara huɗu tana zaton uwarta ta mutu ba ta ambaci sunanta ba, yanzu kuma ana so ta yanke shawara cikin mako biyu saboda haraji.

Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Na ba ta lambar bankinku, tunda kai ba ka jin waya. Ta ce ta rubuta.

Ban sani ba ko na gyara ne ko na ƙara ɓatawa. Da can in na yi abu nakan tabbata daidai ne. Yanzu ba na amince wa wannan tabbacin. Ina addu'a safe da yamma, ba don kuɗin kaɗai ba. Amma ka je bankin kowace rana da suke buɗewa, ka zauna. In saƙo ya zo, ya same ka a can.

Elfrieda

La Crete
2 ga Janairu

Elfrieda,

Barka da sabuwar shekara. Sanyi ya kai arba'in ƙasa da sifili, mota sai da na roƙe ta.

Na yi yadda kika ce. Kwana shida ina zuwa ina zama a kujerar bakin ƙofa, har mutane suka fara gaishe ni kamar ni ne maigadi. Wani ɗan garinmu, Abe Fehr, ya tambaya ko fashi nake shiryawa. Na ce in zan yi, ai ina da ɗan sanda a gida. Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya dube ni, na dube shi.

Ranar talatin, bayan cin abincin rana, Rosella ta fito tana ɗaga mini hannu. Ta ɗora mini wayar a kunne, ban ji komai ba sai kamar iska. Sai ta karɓa, Verna tana faɗa, ita tana maimaita mini da ihu, ƙofar ofis a buɗe, rabin gari a layi. Ga abin da duk La Crete ta ji:

"Baba, ka sa hannu. Amma kada ka aiko mini ta gidan waya, ba zan karɓa ba. Abin da suka fitar kowace shekara, ka kawo mini da hannunka. Inna ta ce har in zo. Ni ba zan iya zuwa ba tukuna. Kai ka zo."

Na ce Rosella ta tambaye ta har yaushe. Ta ce har kuɗin ya ƙare. Rosella ta duba takardunta ta ce irin wannan asusu ba ya saurin ƙarewa, sai na wuce casa'in. Tana faɗa tana share ido da bayan hannu.

Na sa hannu wuri uku. Ba a rufe shi ba, ba a gutsure komai ba.

Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Ban kuma san abin da dattawa za su ce ba in na zauna cin abinci da ita, wadda suka cire sunanta. Zan gaya musu da bakina kafin in tafi, ba zan nemi izini ba.

Na sa aka tambaye ta game da ke. Rosella ta daɗe da waya a kunne, sannan ta ce, wai wannan ba na bana ba ne.

Akwai wani layi a takardar da aka bari, wai in zaɓi watan da za a riƙa biya. Ki ba ni shawara.

Kawunki,
Dietrich

Altona
12 ga Janairu

Kawu,

Na gode wa Ubangiji, na kuma gode maka da ka gaya mini amsarta yadda ta faɗa, ba ka sassauta ba. Tana da gaskiya. Zan jira, ba zan kuma rubuta mata ina tuni ba.

Ka zaɓi watan Mayu. Hanyar Edmonton, inda za ka hau jirgi, ta bushe a lokacin, ƙafarka kuma ta fi jure tafiya. Ka ce a biya ranar ɗaya ga wata, a ba ka cekin banki da sunanta a kai, ka sa a aljihun ciki. Ba za a cire haraji daga wannan kason ba lokacin biya, sai a ƙarshen shekara. Wannan ni zan lissafa maka, ka biya daga fansho, don abin da za ka miƙa mata ya kai cif yadda ya fito.

Tikitin jirgi zan saya in aiko maka. Za ka sauka a Winnipeg ka canza jirgi, akwai jiran awa uku. Ba nisa daga nan, zan zo in zauna da kai, in raka ka har inda ake barin masu rakiya su kai. Daga nan kai kaɗai za ka wuce.

'Yarka,
Elfrieda